Zink oksaid biyu na saya, ɗaya na barin fari a fuska ɗaya baya bari, wanne ne jabun?

Tambayar da aka turo min: "Assalamu alaikum Malam. Ni ina ɗan haɗa kayan shafawa ne a gida, kuma na karanta kimiyyar sinadarai har difloma. Na sayi garin zink oksaid wajen mutum biyu dan in gwada haɗa man kariyar rana. Na farkon in na shafa sai fuska tayi fari fat kamar nayi wanka da toka, na biyun kuma yana ɓacewa a fata sai ɗan shuɗi-shuɗi da yake bari. Duka ZnO aka rubuta a jikin ledar. Dan Allah wanne ne jabun?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Zai iya yiwuwa babu jabu ko ɗaya a ciki, kuma ni inaga ma hakan ne, wannan shuɗi-shuɗin da kika ambata shi ya sa nace haka. Can ƙasa zan gaya miki yadda zaki gwada da cokali da risho ki tabbatar, amma ki yi haƙuri in ɗan ja ki da nisa tukunna, dan abinda kika ci karo dashi a kicin ɗinki shine abinda wasunmu suka kwashe shekaru suna fama dashi a lab.

A aji an koya mana in fomula ɗaya ce to abu ɗaya ne. A wajen lissafin sinadari haka ne, a wajen haske kuwa sam. Ki dubi farin jikin fulogin mashin, wannan mai kama da tangaran, alumina ne, Al2O3. Gilashin da ake sa wa agogo mai tsada wanda baya karcewa, shima Al2O3 ne. Yakutu ja da ake sawa a zobe, Al2O3 ne da ɗan kuromiyam kaɗan a ciki. Na fulogi ko fitila kika haska masa baki ganin komai ta cikinsa, na agogon kuwa kamar babu shi. Bambancin shine na agogon kiristal ɗaya ne tilo daga wannan gefe zuwa wancan, atom ɗinsa a jere sahu-sahu babu inda layin ya karye, na fulogin kuma miliyoyin ƙananan kiristal ne aka gasa suka manne da juna, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, ga 'yan ramukan iska a tsakani.

To menene fari ma? Ki ɗauki ƙanƙara daga firiza, garau take. Ki sa ta a turmi ki daka, sai ta koma fara. Baki zuba mata komai ba, iyaka kin ƙara yawan wuraren da haske zai tsallaka daga iska zuwa ƙanƙara, daga ƙanƙara ya koma iska, kuma duk tsallake ɗaya sai ya ɗan lanƙwashe wani kuma ya dawo baya, in abin yayi yawa sai hasken ya tarwatse ko'ina ya dawo idonki da dukkan launukansa a gauraye, shine muke cewa fari. Kowane abu yana da lambar da ke nuna ƙarfinsa na lanƙwasa haske. Iska 1 ce, ruwa 1.33, man shafawa wajen 1.45 zuwa 1.5, alli wajen 1.6, zink oksaid wajen 2.0, taitaniyam dayoksaid irin na fenti wajen 2.7. Abinda ke kawo fari shine tazarar dake tsakanin lambar garin da lambar abinda garin yake ciki. Shi yasa takardar da mai ƙosai ta ƙunshe miki ƙosai, inda mai ya taɓa sai kiga ana iya karanta rubutun bayanta, man ya kori iskar dake tsakanin zaren takardar ne kuma lambarsa ta kusa da ta zaren. Shi yasa kuma farar ƙasa in an shafa ta a bango da danshinta take zama kamar ba'a shafa komai ba, sai ta bushe farin ya fito. Ki riƙe wannan, alli a cikin mai kusan ɓacewa yake, zink baya ɓacewa, taitaniyam kuwa ko kusa.

Sai girman ƙwayar. Anan da nanomita ake awo, milimita ɗaya ki raba ta gida miliyan, kaurin gashin kai ɗaya ma yakai nanomita dubu 70 ko fiye. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa daga nanomita 400 ne, can wajen shuɗi, zuwa 700 wajen ja. Ƙwayar da tafi kowacce iya tarwatsa wannan hasken itace wadda girmanta yake kusan rabin zangon, shi yasa masu yin farin fenti suke matsa wa kansu sai ƙwayar taitaniyam ɗinsu ta tsaya tsakanin nanomita 200 da 300, ba sama ba ƙasa, dan a nan ne kilo ɗaya yake rufe bango mafi yawa. Garinki na farko kusan tabbas a wannan unguwar yake ko sama da ita. In kuma ƙwayar tayi ƙasa da zangon hasken sosai, kamar nanomita 30 ko 50, sai wata doka ta shigo wadda Lord Rayleigh na Ingila ya fitar tun 1871, tarwatsawar tana faɗuwa warwas. In kika rage faɗin ƙwayar da rabi, hasken da ƙwaya ɗaya ke tarwatsawa zai ragu sau 64, to amma tunda nauyin gari ɗaya yanzu ya ƙunshi ƙwayoyi ninki 8, in kika raba sai kiga farin ya ragu sau 8. Ki sake rabawa ya sake raguwa sau 8. Kuma ɗan abinda ya rage tana tarwatsawa yafi yawa a ɓangaren shuɗi, shine dalilin da yasa sama take shuɗiya ranar da gari yayi garau, ranar hazo kuma da ƙura mai manyan ƙwayoyi ta cika iska sai sama tayi fari-fari. Kinga kenan na farkonki hazo ne, na biyun sama ce bayan ruwa ya ɗauke. Shuɗi-shuɗin nan alamar ƙananan ƙwayoyi ne.

Zaki iya cewa to in baya fari ai baya kare rana kenan. Mutane da yawa haka suke zato, wai zink madubi ne yana mayar da rana baya. Mafi yawan aikinsa shanyewa ne. Zink oksaid yana da wani gibi na makamashi a cikinsa, kusan 3.3 a ma'aunin eV da ake auna makamashin haske dashi, hasken da ƙarfinsa bai kai ya tsallakar da lantarkin atom wannan gibin ba sai ya wuce abinsa, wanda ya kai kuwa a shanye shi ya koma ɗan zafi. Iyakar tana wajen nanomita 380, wato daidai inda hasken da ido ke gani ya ƙare hasken UV mai ƙona fata ya fara. Dacen da aka yi dashi kenan. To ƙaramar ƙwaya ma tana shan UV, sai dai akwai ciniki a ciki, in ta cika ƙanƙanta kariyarta takan karkata zuwa gajeren UV ɗin, dogon da ake kira UVA mai shiga cikin fata sosai ya ɗan samu hanya, musamman a taitaniyam. Saboda haka ba wai ƙarami yafi babba bane kai tsaye, kowane kamfani yana neman inda zai tsaya ne a tsakani.

Yanzu ga inda nafi so, ta yaya ake sa kiristal ya fito da girma da siffar da ake so, tunda ba wuƙa za'a sa a sassaƙa abinda ko madubin likita na yau da kullum baya gani ba.

Girman dai yana hannun yadda aka fara. In kika haɗa ruwan gishirin zink mai kauri da sinadarin da zai saukar dashi kika juya da sauri, iri ne zai ɓarke ko'ina a lokaci guda, biliyoyi, abincin dake cikin ruwan ya ƙare kafin kowa ya girma, kamar gero da aka zuba da yawa a rami ɗaya ba'a cire ba, duk su tashi sirara. In kuma ruwan bai yi kauri ba kuma a hankali ake sako sinadarin, iri kaɗan ne zai fito kowa yaci ya ƙoshi. Sannan in kika bar su cikin ruwan da zafi suka daɗe, ƙananan sukan narke manyan su shanye su, har suna gareshi, nunar Ostwald. In kuma aka gasa garin a tanda da wuta mai yawa sai ƙwayoyin su fara mannewa suna haɗewa, duk wahalar da kika sha ta tafi a banza. Na kasuwa kuwa mafi yawansa ba'a ruwa ake yinsa ba, ƙarfen zink ake narkarwa har ya tafasa, wajen digiri 907, tururin ya haɗu da iska ya kama da wuta, sai farin hayaƙin ya sauka a tara shi a buhunan tacewa. Ana kiranta hanyar Faransa dan can ta bunƙasa wajen 1844 lokacin da ake neman abinda zai maye farin fentin dalma mai guba. Yadda aka sarrafa iskar da saurin sanyayawa shi ke yanke girman, wani lokacin har ya fito da siffa mai ƙafa huɗu kamar ƙaya.

Siffa kuma tana da doka ɗaya da take ruɗa ɗalibai duk shekara: fuskar kiristal da tafi saurin girma ita ke ƙanƙancewa ko ta ɓace, wadda take jan ƙafa ita ke yin faɗi har ta zama siffar da ake gani. Ki kwatanta da magini da yake ɗora bulo ta sama kawai baya ƙarawa ta gefe, ginin zai yi ta tsawo, saman ya zauna ɗan ƙarami, bangon gefe da ba'a taɓawa shine zai zama babba. Wani Barashe, George Wulff, ya tsara lissafin wannan a 1901, cewa fuskar da atom ɗinta suka fi zama a takure, wato mai yawan makamashi, kiristal yana ƙoƙarin rage ta ne.

A zink oksaid jerin atom ɗin mai kusurwa shida ne, kuma a tsaye an jera su ne hawa-hawa, hawan zink, hawan oksijin, hawan zink. Sai ya zama saman kiristal ɗin zink ne zalla mai caji, ƙasansa oksijin zalla, gefunan kuwa a gauraye suke basu da wani caji na azo a gani. Saman nan mai caji yana jan sabon abu kamar mayen ƙarfe, saboda haka in kin bar zink oksaid yayi abinda yake so, sanda zai zama, mai gefe shida sak fensir. Munsha yi: zink naitiret da wani sinadari da muke kira HMTA, awo ɗaya ɗaya, a ruwa, a rufe kwalba a sa a tanda digiri 90 na 'yan awanni, a jingina ɗan gilashi a ciki fuskarsa na kallon ƙasa dan kar abinda ke zubowa ya rufe shi. In kin ciro gilashin ɗan dishi-dishi kawai zaki gani kamar an huro masa numfashi, amma a na'urar hoto ta lantarki sai kiga kamar gonar dawa bayan an yanke kai, karare tsaye reras kowanne da kansa mai kusurwa shida. HMTA ɗin aikinsa ya riƙa sako sinadarin saukarwa kaɗan-kaɗan in yaji zafi, shine sirrin. Akwai ranar da aka ɗauke mana wuta ana tsakiyar dafawa, janareto bai tashi ba sai bayan wajen awa biyu, tandar ta huce ta sake ɗaukar zafi, abinda muka samu sanduna ne masu gaɓa kamar rake, ƙasa mai kauri sama siriri, ga wasu 'yan ƙanana sun tsiro a gefe. Ɗalibin kamar yayi kuka, ni kuwa har yau ina nuna hoton a aji dan babu abinda ya kaishi nuna cewa kiristal yana rubuta duk abinda ya faru dashi a jikinsa.

To in faifai kike so ba sanda ba fa? Sai ki nemo abinda zai je ya zauna a kan saman nan ya hana shi ci. Sitiret, gishirin tsamin dake cikin lemon tsami, yana da caji kishiyar na zink, yana zuwa ya dafe saman ya bar gefuna. Ɗan kaɗan ne ake sawa, sai sandar ta gajarce tayi ƙiba, ki ƙara, ta koma faifai mai gefe shida siriri, kamar yadda in aka datse kan darbejiya take daina tsawo ta bazu. In kuma kika zuba soda mai ƙarfi da yawa sai sanduna da yawa su tsiro daga cibiya ɗaya su zama kamar fure ko tauraro. Wannan dabarar ma ba sabuwa bace, tun 1783 wani Bafaranshe Romé de l'Isle ya lura gishirin miya da ya saba fitowa kamar ɗan akwati mai fuska shida, in akwai fitsari a ruwan sai ya fito mai fuska takwas, yuriyar dake ciki ce ke dafe wasu fuskokin.

A taitaniyam labarin yafi haka daɗi. Shi TiO2 ɗin kansa, wato taitaniyam dayoksaid, jerinsa ba ɗaya bane, akwai anatas akwai rutayil, fomula ɗaya amma tsarin zaman atom daban, lambar lanƙwasa hasken anatas wajen 2.5 ta rutayil wajen 2.7, kuma in aka gasa anatas ya haura wajen digiri 600 zuwa sama sai ya juye rutayil baya dawowa. Anatas in an barshi yakan fito kamar dala biyu da aka haɗa gindinsu aka ɗan yanke kawunan, gefunan nan masu gangara sun cinye sama da kashi 90 na jikinsa, yankakken kan kuwa wanda yafi zafin aiki ɗan mitsitsi ne. A 2008 wasu masu bincike a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya, Yang da abokan aikinsa, suka nuna cewa in aka sa fuloraid a ruwan dafawar yana dafe wannan kan ya kwantar masa da hankali, har suka samu kiristal da kashi 47 na jikinsa wannan fuskar ce. Daga nan kowa ya ruga, aka yi ta fitar da masu kama da tayil. Da asid ɗin HF suka yi, wanda yake ratsa fata yaci ƙashi, kar ma wani ya karanta wannan yace zai gwada.

Me ya shafe ki da wannan? Ya shafe ki sosai. Tun 1972 Fujishima da Honda a Japan suka nuna TiO2 in yasha UV ba zafi kawai yake fitarwa ba, lantarkin da ya tsallaka yana iya zuwa saman ƙwayar ya farfasa abinda ya taɓa. Mai son tace ruwa ko gilashi mai wanke kansa wannan yake nema, shi yasa yake son anatas da fuskarsa mai zafi. Mai fenti da mai man shafawa kuwa gudunsa suke, dan zai cinye man da aka kwaɓa shi a ciki, ki tuna tsohon fentin da in kin jingina da bango yake bar miki fari a mayafi, wani ɓangaren laifin kenan. Shi yasa na shafawa rutayil ake zaɓa sannan a lulluɓe kowace ƙwaya da siririyar rigar alumina ko silika, a ɗora mata wani mai-mai a sama dan ta yarda ta shiga cikin mai. Zink ma yana da wannan halin duk da bai kai ba, kuma shima ana masa rigar.

Inda siffa tafi nuna kanta ƙiri-ƙiri a ido shine a faifai. Ki duba hodar kwalliya mai walƙiya ko fentin mota mai canza launi in ta sha kwana. Ɓawon maika ne, wani dutse mai ɓarewa siriri-siriri, ko faifan alumina sirara aka shafa musu taitaniyam, hasken da ya dawo daga saman rigar da wanda ya dawo daga ƙasanta su haɗu, wani launi ya ƙarfafa wani ya mutu, irin bakan gizon da kike gani in fetur ya zuba a kwata. Rigar in tana wajen nanomita 50 azurfa take bayarwa, a ƙara kauri ta koma ruwan zinare, sai ja, sai shuɗi, sai kore can wajen 150. Babu rini ko ɗigo a ciki, farin abu ne akan farin abu. In da dunƙule-dunƙule ne ba faifai ba da fari kawai zaki gani, dan faifan suna kwanciya ne a fata ko a jikin mota su fuskanci waje ɗaya. Akwai kamfanonin da suke yin zink ɗin shafawa ma faifai-faifai saboda haka, ya kwanta kamar ɓawon kifi ya rufe fata da gari kaɗan kuma yayi santsi a hannu.

Amma bari in faɗi gaskiya ko da zata ɓata wa abokan aikina rai. Rabin takardun da ake rubutawa akan furanni da taurarin zink oksaid, kyan hoto ne kawai. A maganar fari ko rashin fari a fata, girma ne a gaba, siffa na biye, kuma akwai abu na uku da yake iya rushe su duka wanda ba'a cika ɗaukarsa hoto ba, wato dunƙulewa. Ƙananan ƙwayoyi basa son zama su kaɗai, suna manne wa juna, kuma haske bai san takardar da kamfani ya rubuta ba, in ƙwayoyi dubu masu nanomita 40 suka dunƙule suka zama ƙulli mai nanomita 400, a wajen haske ƙwaya ɗaya ce babba, farin ya dawo. Mafi muni ma inda garin ya taru a ƙulli, gefensa fata ce tsirara babu kariya. Kamar kunun da yayi gudaji ne, sai dai wannan gudajin ludayi baya fasa shi, bilenda ta kicin ma bata fasawa, a masana'anta injin niƙa mai 'yan duwatsun zirkoniya ake sawa da sinadarin da zai hana su sake haɗuwa. Zai yiwu ma ace garinki biyun girman ƙwayarsu bai yi nisa da juna haka ba, na biyun dai yana da riga ne yana watsuwa a mai, na farkon tsirara ne.

To gwajin. Ki ɗebi kaɗan a busasshen cokalin ƙarfe ki ɗora a wutar risho ko gas, a waje mai iska, kar ki sa hanci. Zink oksaid in yayi zafi sosai yana komawa rawaya, ki sauke ya huce ya dawo fari. Gibin nan da nace miki ne yake ɗan matsewa da zafi har ya fara shan shuɗi, ga ɗan oksijin da yake fita daga jerin. Alli ko farar ƙasa basa yin haka, sitaci kuma baƙi zai yi ya ƙone. Mai riga zai iya ɗan yin hayaƙi ko duhu da farko, rigar ce ke ƙonewa, kar ki tsorata. Na biyu ki zuba ɗan garin a ruwan khal ko ruwan lemon tsami ki juya, in ya tashi da kumfa yana shuuu to da alli a ciki, zink a hankali yake narkewa shiru, in kuma wani fari ya zauna a ƙasa yaƙi narkewa ko an daɗe to ki yi zargin taitaniyam ko farin yumɓu. Na uku ki yayyafa shi a kofin ruwa, mai rigar mai zai yi ta yawo a sama yaƙi jiƙa, tsiraran zai jiƙe ya nutse. Kuma ki lura da wani abu da ya saɓa wa tunanin mutane, in an yi algus da alli, a cikin mai farin raguwa zai yi ba ƙaruwa ba, saboda haka in ma akwai wanda za'a zarga to mai ɓacewar ne, shi zaki fara ɗorawa a cokali.

Abinda yafi damuna da jabu shine wane irin zink aka sayar miki. Kusan rabin zink oksaid ɗin duniya masana'antar roba da tayar mota yake tafiya, wani kuma fenti da tangaran da abincin dabbobi, kuma irin waɗannan ana yarda da ɗan dalma da kadmiyam a cikinsu fiye da yadda za'a yarda a na fata. Cokali bazai nuna miki wannan ba. Ki tambayi mai sayarwa takardar gwajin buhun da ya ɗebo miki, ki duba an rubuta na magani ne ko na kwalliya, nawa ne dalmar, nawa ne girman ƙwayar, da riga ko babu. Wanda yace miki shi dai a leda ya saro, to kin samu amsarki. In mai ƙananan ƙwayoyin ne ki sa takunkumi lokacin aunawa kuma kar ki yi na fesawa dashi, Tarayyar Turai ma da ta amince dashi a 2016 har kashi 25 cikin ɗari, ta cire duk abinda za'a iya shaƙa zuwa huhu.

Maganar toka-toka a baƙar fata kuma, ko mai ƙananan ƙwayoyin in yakai kashi 20 sai an ɗan gani a fatarmu, balle in an haska fitilar kyamara. Abinda masu yi da kyau suke yi shine su ƙara oksaid ɗin ƙarfe, ja da rawaya da baƙi, su daidaita da launin fata, kuma yana da ƙarin amfani dan yana tare wani ɓangare na hasken da ido ke gani wanda ke ƙara duhun tabo. Shima labarin siffa ne, rawayan allurai ne sirara masu ruwa a jerinsu, in aka gasa ruwan ya fita sai ya koma ja, abinda ke faruwa da tukunyar ƙasa kenan in ta fito daga wuta, jan kuma in ƙwayarsa ƙarama ce yana karkata ruwan goro, in ta girma ya tafi wajen shunayya.

Sai dai ƙanwata dan Allah kar ki rubuta lambar SPF, wato lambar ƙarfin kariyar rana, a jikin robarki daga lissafin kashi nawa kika zuba. Bayan duk abinda na faɗa kin ga dalili, kashi 20 da ya watsu da kashi 20 da ya dunƙule ba kariya ɗaya suke bayarwa ba kuma ido baya rabewa, lambar sai an auna ta a fatar mutane a ɗakin gwaji, miligiram 2 a kowane murabba'in santimita. Cikin masu sayen irin wannan man akwai zabiya, su kuwa ba kwalliya suke yi dashi ba, kansar fata suke gudu, in ya yarda da lambarki ya shiga rana ke kika ɗauki alhakin. In sana'ar zaki riƙa da gaske ki nemi zink ɗin da aka riga aka niƙa a cikin mai daga masana'anta, ruwa-ruwa yake zuwa kamar farin fenti mai kauri, ki kai haɗinki a auna, sannan ki bi ta NAFDAC. In kin samo takardar buhunan nan biyu ki turo min hotonsu in duba miki, ki kuma gaya min wane launi kowanne yayi a cokalin.